Dokokin Likita a Gidan Bakoji

A shekarun da Bature ke mulki, lorin hukumar En'e ya dawo da Bakoji Birnin Gwari daga asibitin ido, fuska a naɗe kamar ƙullin daddawa. An cire masa yanar da ta raba shi da farauta a dajin Kamuku shekara da shekaru. Dokokin da likita ya ba shi ba su da yawa: kada ya sunkuya, kada hayaƙi ya shiga idon, kada a sa masa kwalli, sai maganin ɗigawa. In wata ya cika, ya sa tabarau ya shiga harkarsa.

Matarsa Huraira ce ta karɓi dokokin, a hannunta kuwa suka hayayyafa.

Ga abin da ke cin ranta. A garinmu namiji a zaure yake cin tuwo da maza, mace a cikin gida. Makanta ce ta karya wannan. Tun da idon ya rufe, akushi ɗaya suke ci, tana nuna masa inda miya take, yana ba ta labarin ɓaunar da ta riga ta haddace. Ba wanda ya yi tsegumi, ai lalura ce. Yanzu lalurar za ta kau, Huraira kuwa ba ta so, kunya kuma ba za ta bar ta ta faɗa ba.

Wata ya cika, Labaran abokinsa ya yi sallama daga zaure, ya ce tabarmar Bakoji tana jiransa.

"Likita ya hana," in ji Huraira daga bayan zana. "Kuna busa lofe."

Labaran ya bar lofensa a gida. Washegari sai likita ya hana iskar zaure. Da aka rataya asabari, ya hana dariya, wai ɗinkin zai tsinke. Daga ƙarshe likitan nan, da bai taɓa taka Birnin Gwari ba, ya hana Labaran ɗin kansa. Bakoji dai ba ya cewa komai sai "to".

Ran nan tana tankaɗe a tsakar gida, ya miƙo hannu ya cire mata ɗan tsinke siriri a ɗankwali. Wanda ya ga wannan tsinken ba shi da sauran uzuri. Da la'asar ta zuba masa nasa dabam, ta rufe da faifai.

"Malam, ga tuwonka. Suna jiranka a zaure."

Ya ɗauka ya fita. Ta zauna gaban ƙwaryarta, baƙin ciki ya hana ta ko loma ɗaya.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo da akushin, miyar kuka a gaban riga, an shafa ta da yatsa tsaf.

"Na kasa," in ji shi. "Tabaran nan nesa yake gani. Sau biyu ina sa hannu a kwanon Labaran. Na gaya musu likita ya ce sai da mai nuna mini."

Huraira ta kalli miyar, ta kalli idanun nan da gilashi ya mai da su kamar na mujiya. Ta gyara masa tabarma.

"Har yaushe likitan ya ce?"

"Ke kika saba jin maganarsa. Ke za ki faɗa."

Ta sunkuyar da kai, ta jawo akushin tsakaninsu.

"Bai sa rana ba."