Katin da Baƙi Suka Bari

Albano ya ture kofinsa gefe, ya shimfiɗa taswirar Lisbon a kan teburin kicin, ya danne gefenta da gwangwanin sukari.

"Wuri takwas," ya ce wa matarsa. "In muka fita ƙarfe tara, wuri takwas za mu shiga kafin katin ya mutu."

"Ni wuri ɗaya na ce maka," in ji Ermelinda.

"Wuri ɗaya! Ke, an ba ki gari sukutum, ki ce wuri ɗaya?"

Katunan biyu na nan kusa da burodi. Jiya Asabar, da Ermelinda ta je share ɗakin da ake ba baƙi haya a unguwar Alfama, aikinta na shekara goma sha ɗaya, ta tarar da su a kan firji. Baƙin sun koma ƙasarsu da wuri, mai ɗakin kuwa ta ce ta yi yadda ta ga dama da su. Irin katin nan ne da masu yawon buɗe ido ke saya, su hau tarago, wato ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, su shiga hasumiya da gidajen tarihi ba mai tsayar da su. Lokacinsa yana fara tafiya tun ranar da aka fara amfani da shi, na waɗannan kuma zai ƙare yau Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma.

Shekara talatin da huɗu Albano ya yi yana tuƙa tarago yana wuce ƙofar wuraren nan, bai taɓa leƙa ko ɗaya ba. Yanzu da banza ta faɗi, ai sai ya soke fensir a bayan kunne ya zama shugaban tafiya.

Wurin da Ermelinda ke so tsohon gidan wani attajiri ne a can gefen gari, wanda aka mayar gidan tarihi. Tana 'yar shekara bakwai mahaifinta, Custódio mai gyaran tayil, ya yi wata huɗu yana cike gurbin tayil ɗin da suka farfashe a bangon matakalar benen gidan. Ran nan ta yar da takalminta ɗaya a bakin kogi, ta dawo tana kuka. Bayan kwana biyu ya ce mata ya zana ta a bangon, yarinya mai takalmi ɗaya, kuma za ta daɗe a gidan fiye da masu shi. Bai samu ya kai ta ba ya rasu. Ita ma ba ta taɓa zuwa ba, don a ganinta irin wuraren nan na masu kyamara a wuya ne. Sai ga shi ranar Laraba ta ji a rediyo za a rufe benen a ƙarshen wata, a ɓamɓare tsofaffin facin a sa sababbi.

"Yana cikin lissafi," in ji Albano, ya buga fensir a ƙasan takardar da ya jera wuraren. "Ga shi nan, na takwas. Shi ya fi nisa, dole ya zo ƙarshe. Kuma tsakani da Allah, Linda, babanki, Allah ya ji ƙansa, ba shi ne ya ce ya kama kifin da ya fi jaki girma ba?"

Abin da Ermelinda take tsoro ke nan tun da can, ta je ta tarar da bango babu komai. Ta naɗe burodi da soyayyen kifi a takarda, ta sa a jaka.

A hasumiya suka tarar da layi har bakin ruwa. Albano ya ɗaga kati sama kamar ɗan sanda, mai gadi ya nuna masa cewa duk mutanen layin nan kati ne a hannunsu. Awa guda da kwata suka tsaya. Da suka hau, ya dubi kogin da yake gani kullum, ya ce, "To, madalla," ya ja layi a takardarsa. Gidan kekunan dokin sarakuna kuwa da gudu suka ratsa shi, yana gaba yana duba agogo, tana biye da shi gwiwa na ciwo. A wuri na uku ya tsaya musu da wani Bajamushe a kan wanda ya riga wani zuwa, alhali babu mai jin yaren wani.

Ƙarfe biyu da rabi suna zaune a benci suna cin burodi, ya ce saura biyar, amma in suka tsallake biyu za a kai.

Ermelinda ta karkaɗe siket ɗinta ta miƙe. "Ni na tafi. Ka je ka ƙarasa takwas ɗinka."

"Haba, Linda, tsarin fa?"

"Ka jiƙa shi ka sha."

Ya dubi takardar, ya dube ta, ya ninke ya cusa a aljihu. Tarago biyu suka wuce su maƙil da baƙi, ko tsayawa ba su yi ba. Albano ya bi na biyun da harara yana cewa a zamaninsa direba ba ya barin tsohuwa a tsaye.

"Wace ce tsohuwar?" ta ce.

A ƙarshe bas suka hau, mai tsayawa a kowace kwana. Ta ƙura wa agogon hannunsa ido har ya juya shi ciki. Haushinsa take ji, amma ta fi jin haushin kanta da ta biye masa.

Huɗu da minti goma suka isa. Ta ɗora katin a kan na'urar ƙofa, fitila ta nuna ja. Ta goge shi a rigarta ta sake ɗorawa, ja dai. Matar da ke bakin ƙofa ta fara yi musu bayani da Turanci.

"'Yar nan, yi mana da yaren gida," in ji Albano. "Minti goma ne kacal. Laifina ne, ba nata ba."

Matar ta yi dariya. "Au, ashe 'yan gari ne! To me ya haɗa ku da katin baƙi, Baba? Yau ai Lahadi, 'yan ƙasa ba sa biya a nan. Ku nuna katin shaida kawai."

"Tun yaushe?" in ji Ermelinda.

"Tun kafin in fara aiki, Mama. Kowace Lahadi."

Ermelinda ta juya ta dubi mijinta. Shekara talatin da takwas da aurensu, duk Lahadin duniya a gidan uwarsa suke cin abincin rana, bayan ta rasu kuma a gidan yayarsa. Albano ya cire fensir daga bayan kunne ya rasa inda zai sa shi.

Bangon benen duk shuɗin zane ne, mafarauta da karnuka da mata masu laima, tun daga ƙasa har rufi. Ta hau tana dubawa, ta sauko tana dubawa. Albano ya sa tabarau ya bi ɗaya gefen, wuyansa a sama. Sau uku suna hawa da sauka, har aka sanar saura minti goma sha biyar a rufe.

"Wataƙila a wani ɗakin ne," ya ce a hankali. Wannan karon babu tsokana a muryarsa.

Gwiwarta ta gaza, ta zauna a kan matakala ta huɗu, ta dafa bango. Nan ne idonta ya sauka ƙasa, inda babu mai kallo sai mai goge-goge. A gindin wata bishiyar ɓaure akwai tayil ɗaya da shuɗinsa ya ɗan fi na sauran haske. Yarinya ce ƙarama, baki a buɗe tana kuka, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

"Albano," ta ce. "Zo."

Ya durƙusa da ƙyar, ya kalla. "To me ya sa ya ɓoye ki a can ƙasa, inda ba wanda zai gani?"

Ermelinda ta auna da tafin hannunta daga matakala zuwa tayil ɗin, sai hawaye ya zubo mata.

"Bai ɓoye ni ba," ta ce. "Daidai tsayina ya sa shi. Ya ɗauka a shekarar zan zo."