Gadon da Kafinta Ya Ƙera

"Babu gado," in ji babbar nas, hannunta bai daina goge allo ba.

Kafinta yana kallo sunan maƙwabcinsa Mai Agogo ya bi tsumma. Ranar Juma'a sashen masu taɓin hankali ya ba Mai Agogo hutun gwaji, ya je gida kwana biyu a ga yadda zai yi. Yau Litinin da Kafinta ya dawo da shi, har an kwantar da wani a wurinsa.

"Sista, ku kuka ce kwana biyu. Tun da ya koma gida ko ruwa bai kurɓa ba, wai mun zuba masa guba. Daga hannunku kawai yake karɓa."

"Baba, gado ashirin gare ni, mutum ashirin da uku a rubuce. Wa zan tayar?"

Mai Agogo yana kan benci, leɓɓansa sun tsage, yana kara kunne a wuyan hannunsa, inda babu agogo. Shekara talatin suna katanga ɗaya. Shi ya koya wa 'ya'yan Kafinta karanta lokaci. Kafinta ya kai shi sashen gaggawa, can aka ce ciwonsa na ƙwaƙwalwa ne, su koma inda suka fito.

Zuciya ta ɗebi Kafinta. Ya shiga shago, ya jingine aikin ƙofar da ake jira, ya zaro katakon da yake ta ɓoyo. Da yammacin Talata ya turo gado a amalanke har ƙofar asibiti.

Mai gadi ya dafe ciki don dariya. "Baba, amarya ka kawo mana?"

Nas ta fito, ta daɗe tana dubansa.

"Ba katako ne gado ba, Baba. Lamba ce, da mai jinyar da za ta kula da shi, da sa hannun ofis."

"To ku ba shi lambar. Katakon dai ga shi."

"In na shigar da wannan, gobe ba ni da aiki."

"Shi kuma in bai shiga ba fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta rubuta lambar wayarsa, ta ce da zarar an sallami wani za ta kira. Ya juya amalankensa.

Da safiyar Alhamis matar Mai Agogo ta leƙo ta katanga.

"Yaya, zo ka duba min shi. Na taɓa shi, ya yi sanyi."

Masu gaisuwa suka cika layin, kujeru suka kasa. Wani ya jawo gadon daga bakin shago zuwa inuwa, dattawa huɗu suka jeru a kai. Ɗayansu ya shafa gefensa, ya ƙwanƙwasa.

"Aiki ya yi kyau. Wa ya sa ka?"

Kafinta ya miƙa hannu, ya kaɗe ɗan garin katakon da ya maƙale a wajen da ake sa kai.