Sarauniyar da Ke Kan Hanya

Dokar gasar ba ta da wuya. Kwamfuta ke buga darar ces, mai ita ɗan aike ne kawai. Abin da ta rubuta shi zai motsa a kan allo, abin da abokin karawa ya motsa kuma ya buga mata.

Merle Hasko ya ajiye aikinsa a masana'antar kwalabe ta Toledo saboda manhajar ces da ya rubuta wa kwamfutarsa, matarsa ta yi magana har ta gaji. Yau, a zauren otal, wasan ƙarshe ake yi, ga wani dillali mai sigari tsaye a bayan 'yan kallo. Ya riga ya ce kaset ɗin manhajar wanda ya ci shi zai zuba a shagunansa kafin Kirsimetin 1979. Na biyu kuwa ya koma gida da abinsa.

Joyce Tanaka, malamar lissafi, ita ke gabansa da tata kwamfutar, tana ɓare gyaɗa tana tsokanarsa, wai tasa ta fi tsohuwa jan jiki.

Sai ƙaramin talabijin ɗin da ya jona da kwamfutarsa ya kawo amsa. Sakaryar so take ta kai sarauniya tsakiyar allo, inda sojan Joyce zai haɗiye ta a banza. Ga doki nan kuwa, tsalle ɗaya, wasa ya zama nasu. Ko yaro ya gani.

Merle kaɗai ke ganin talabijin ɗin. Alƙalin gasa, Mista Brandvold, yana can yana zuba kofi. Merle ya goge tafinsa a wando, ya ɗaga doki.

Joyce ta daina tauna. "Iye, ashe tsohuwar taka tana da haƙora."

Ta buga wa tata, aka jira. Da amsa ta zo, ta zura hasumiyarta ta ratsa tsakiyar allo. Merle ya buga wa tasa.

Kwamfutar ta yi ƙara, ta ƙi karɓa. Ya sake bugawa, ta sake ƙara, har zauren ya yi tsit. Sai a lokacin ya tuna abin da tsoro ya mantar da shi. A wurinta doki bai motsa ba. Sarauniya na tsakiyar allo inda ta ajiye ta, kuma shi da hannunsa ya koya mata cewa hasumiya ba ta tsallake kowa.

Brandvold ya zo da kofinsa. Merle ya ce wataƙila wata waya ce ta saki a jikin kwamfutar. Alƙalin ya juya talabijin ɗin kowa ya gani. Ga sarauniya a gilashin talabijin, ga doki a kan allo.

Kunya ta rufe Merle, ya kasa ɗaga kai. Ya ji takun dillalin yana nufar ƙofa.

Joyce ta ture gyaɗarta gefe, babu sauran wasa a muryarta.

"Merle, tun yaushe nake wasa da kai?"