Mako Guda da Jakar Baba Lali

Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare da jakina, muna kwasar yashi da siminti daga bakin teku zuwa lungunan tsibirin Lamu. Wata safiya cikin Sha'aban na tarar da shi kwance, ko ciyawar jiya bai taɓa ba. Kafin azahar ya mutu.

Na yi mako biyu ina zaune a gida. Muna da ɗan abin da muka ajiye ni da matata Mwanahawa, wanda zai sayi abu ɗaya, ba biyu ba. Wanta Shebe, wanda ke haya da babur a hanyar bakin teku, kullum sai ya leƙo ya ce zamanin jaki ya wuce, in sayi babur na hannu in huta da kwasar kashi.

"Famau, kai da jaki kamar an ɗaura muku aure," in ji shi. "Takaba kake yi ne?"

Na ce masa babur ɗinsa ya gwada shiga lungun gidanmu mu gani. Muka yi dariya, amma maganarsa ta zauna mini a rai. Na haura hamsin, bayana kuma ya fara yi mini gargaɗi. In na sayi jaki, shekara nawa zan ƙara ina ɗaga buhu? In na sayi babur, ni da ko keke ban iya sosai ba, wa zai yarda ya hau bayana?

Ana cikin haka na ji cewa Baba Lali zai sayar da jakarsa, macen jaki mai suna Zabibu. Dattijo ne da ke kai wa masu shaguna kaya tun ina yaro. Idonsa ya yi rauni, 'yarsa kuma ta matsa ya koma wurinta a Mombasa bayan Sallah. Na je na ga dabbar, mai ruwan toka ce, gajera, ƙirjinta da faɗi. Na duba haƙora, na ɗaga kofato, na dawo gida. Na koma washegari. Na sake komawa ranar Juma'a.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne yadda dattijon ke tallarta. Maimakon ya yabe ta, sai ya zauna yana lissafa mini aibinta. Ya ce ba ta da sauri, ba ta son a taɓa mata kunnen hagu, kuma in aka ɗaga mata sanda sai ta kafe a wurin har rana ta faɗi. Na ce a raina, wanda ya faɗi uku da bakinsa, Allah kaɗai ya san nawa ya ɓoye.

A zuwana na uku ya zuba mini gahawa, ya tura mini farantin dabino, ya ce, "Ɗana, ƙafarka ta gaji da zuwa, zuciyarka kuwa ba ta iso ba tukuna. Ba zan sayar maka kana wasiwasi ba. Tafi da ita mako guda ka yi aiki. In ta yi maka, mu yi magana. In ba ta yi ba, ka dawo mini da ita a ƙoshe."

Na tambaye shi in wani abu ya same ta a hannuna fa. Ya ce ya ga yadda na riƙe jakina na da har ya tsufa, bai taɓa ganin miki a bayansa ba.

Kwana ukun farko ba su warware mini komai ba. Tana da ƙarfi, amma tafiyarta kamar ta amarya. Sauran masu jakuna su yi sawu shida, ni ina na huɗu. Ga ta da wata ɗabi'a: duk shagon da muka wuce sai ta ja ta tsaya a ƙofa, don ta saba sauke kaya a nan. Masu shaguna su fito suna gaishe ta da sunanta, ni ko kallo ban ishe su ba. Da na faɗa wa Mwanahawa sai ta ce to ai na samu wadda ta fi ni jama'a a gari.

A rana ta huɗu, da hantsi, muna kai siminti wani gini a can saman gari. Na sunkuya zan gyara buhun da ya karkace, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙugu. Na durƙushe a tsakiyar lungu, na kasa miƙewa, na kasa ko kiran wani. Lungun babu kowa, kowa ya fake wa rana. Da tsohon jakina ne, yana jin igiya ta saki da tuni ya yi gaba da kayan. Ita kuwa ta tsaya cak. Da ƙyar na kama wuyanta na ɗago rabi, na jingina a kafaɗarta. Sai ta fara tafiya a hankali, in na tsaya ta tsaya. Ban ja ta ko'ina ba, ban ma san inda muke nufa ba sai da na ga ƙofar Baba Lali.

Dattijon ya kira maƙwabta biyu suka sauke simintin, suka kwantar da ni a tabarma a zaure. Ya ɗumama man kwakwa da kanumfari ya murza mini bayan da hannunsa, yana yi yana faɗa, wai mu mutanen yanzu ba ma jin maganar jikinmu sai ya kayar da mu. Da zafin ya lafa na ce masa ga amsata ta fito, ba jaki ba ne matsalata, ni ne na ƙare. Gara in bi shawarar Shebe.

Ya goge hannu, sannan ya ce babur ma sai ya fi jijjiga mini bayan. Ya ce abin da ya ƙare shi ne ɗaukar siminti, ba ni ba. Shi ma yana kusan shekaruna ya bar kayan gini ya koma kai wa shaguna burodi da kayan miya da katan-katan na sabulu, kaya marasa nauyi, kuma kowace safiya akwai su.

"Shago tara nake kai wa," ya ce. "Tun da aka ji zan tafi suke tambayata wa zan bar musu. Ban ba su amsa ba, don ban san wanda zai ɗauke ta ba. Ita ta san ƙofofin. Kai dai ka bi ta."

Na tambaye shi nawa zan ƙara a kan wannan. Ya ce ba ya sayar da mutane, jaka yake sayarwa.

Na yi kwana biyar a kwance. Shebe ya zo dubiya da lemo, ya ji labarin, ya ce to shi dai babur ɗinsa bai taɓa kai shi gidan mai magani da kansa ba, ya sallama. Mwanahawa ba ta ce in saya ko kar in saya ba. Ta dai ɗinka sabon akumari ta ajiye a inda zan gani.

Da na warke na je muka yi ciniki a gaban shaidu biyu. A makon farko na azumi Baba Lali ya riƙa fitowa da sandarsa, yana zagawa da ni shago shago, yana cewa, "Wannan ɗana ne, Famau. Yadda kuka riƙe ni ku riƙe shi." Wata mai shago, Bi Tima, ta ce ita dai muddin Zabibu ce za ta zo, ko wa ya biyo ta ba ruwanta.

Kwana uku bayan Sallah ya tashi. Ni da Zabibu muka kai masa akwatinsa da katifarsa bakin jirgin ruwa. Ya daɗe yana shafa wuyanta. Na so in yi masa godiya yadda ta kamata, na ma tsara kalmomin tun a gida, amma da na riƙe hannunsa abin da ya fito kawai shi ne Allah ya saka da alheri. Ya ce amin, ya ce in gaida Mwanahawa.

Yau shekara huɗu ke nan, shagunan sun zama goma sha biyu. Duk wata nakan kira shi a waya. Yakan tambayi lafiyar iyali a gurguje, sannan ya gyara murya ya ce to, yanzu ba shi labarin mutuniyar.