Teburina na Abbatuwa

Tunda haƙorana suka zube, ɗana Salisu ya yanke hukuncin cewa na gama yayi. Shekara da shekaru ina sayar da kayan ciki a teburina na Abbatuwa, amma ya zo ya ɗauke ni kamar buhun dankali, ya ajiye ni a gidansa na Gangare, wai in huta.

Matarsa Raliya yarinyar kirki ce, kirkin nata ne ma ya kusa kai ni kushewa. Koko da safe, tuwon masara mai laushi da rana, gobe ma haka. Idan ana raba nama sai a tsallake kwanona, kada Iya ta wahala da tauna. Ni da nake cin hanta tun ina amarya!

Kafin damina ta fita ƙafafuna sun yi sanyi ƙalau har ina sa safa biyu, wuyana da bayan hannuna suka yi baƙi suna saɓa, na fara kiran jikokina da sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Salisu ya ce shi ke nan, ƙarshen wata zai miƙa teburina ga wani Alphonsus mai kaji. Na yi kuka, na ƙoshi, sannan na ja mayafi na tari Keke Napep zuwa asibitin unguwa.

Nas Nkoli ta juya hannuna ta ce, "Mama, me kike ci?"

"Masara, kamar kaza."

"To ba tsufa kaɗai ba ne. Jikinki ya rasa niyasin, wani bitamin da ke cikin hanta da gyaɗa da kifi. Fata tana buƙatarsa, haka ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jini." Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce kada in tsorata idan fuskata ta ɗau zafi. "Amma ba zai mayar da ke budurwa ba fa."

"Wa ya ce miki miji nake nema? Teburina nake so."

A hanya na sayi hanta. Na sa Raliya ta gasa, na kirɓa ta a turmi da ƙuli-ƙuli da hannuna, na cinye tas tana kallo. Kullum haka, har na daina sa safa biyu.

Ranar da Salisu ya kawo Alphonsus ganin tebur, suka tarar da ni a zaune ina yanka tumbi.

"Haba Iya," in ji Salisu, "ko haƙori ba ki da shi."

"Da haƙori ake riƙe wuƙa?"

Alphonsus ya yi dariya, ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo: "Oga, wannan mama bai gama ba." Ya kama hanyarsa.

Na ƙulla hanta a leda na miƙa wa ɗana. "Kai wa Raliya. Daga yau idan ana raba nama, a daka rabona, kada a tsallake ni da raina."