Jar Hular Cobb

A garinmu Corliss, can bakin kogin Ohio, yaro ba ya gama rarrafe sai mutane sun yanke masa hukunci: ko dai Ezra ne, ko kuwa Cobb.

Ezra da Cobb ba mutanen gaske ba ne. Yara biyu ne abokai a cikin wani tsohon littafi da wani ɗan garinmu ya rubuta tun kakana bai yi gemu ba. Ezra ɗan mai kanti ne, mai farar riga da tajajjen kai, ba ya fashin coci. Cobb ɗan mai gadin gada ne, kullum da jar hula a ka, ba ya iya zama wuri ɗaya. A ƙarshen littafin Cobb ya daka tsalle ya faɗa jirgi ya bi kogi, Ezra ya tsaya a matsayar jirage yana kallonsa. Sauran garuruwa karanta littafin suke yi a makaranta su manta. Mu kuwa da shi muke auna mutum. Ko karen wani ne ya tsinke igiya ya gudu, sai ka ji an ce, "Ai dama Cobb ne."

Ni Lowell Tackett, tun ina aji ɗaya aka ce Cobb ne ni, ban kuma ƙaryata kowa ba. Na bar makaranta ban gama ba. Na yi aiki a injin katako, na bari. Na yi a gidan mai, na bari. Na yi a gonar tuffa, ita ma na bari. Ba korata ake yi ba. Da zarar na iya aiki sai ya fita daga raina.

Abokina Merle Hostetler shi ne Ezra. Babansa ke da kantin ƙusa da fenti na bakin titi, kuma tun Merle bai kai tsayin teburin kantin ba yake tsaye a bayansa. Tare muka tashi. Idan muka fasa gilashin tagar wani, ni ake nema, ko da shi ya yi jifan.

Kowace shekara, ranar bikin 'yancin kai, ana wasan kwaikwayon littafin a bakin ruwa. Ƙarshen wasan kuwa ba wasa ba ne. Jirgin Kyaftin Dorsey, wanda ke tura manyan kwale-kwalen kwal zuwa kudu, yakan rage gudu ya zo daf da matsaya, Cobb ya yi tsalle da gaske. Duk wanda ya dira a jirgin da jar hular nan, ya samu aiki har sanyi ya shigo. Tun zamanin mahaifin kyaftin haka ake yi, ba a taɓa mayar da Cobb gida ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Malama Pruitt, wadda ke koyar da littafin a makaranta kuma take shirya wasan, ba ta ko wahalar da kanta ba.

"Lowell, kai ne Cobb," in ji ta. "Ba sai ka koyi komai ba, halinka kawai za ka yi. Merle, ɗana, kai ne Ezra."

"To, Malama," in ji Merle.

Ni kuwa murna kamar in yi tsalle tun a lokacin. Kada wani ya ce ba na son aikin nan. Na daɗe ina kallon jirgin Dorsey ina haɗiyar yawu. Tun ana saura kwanaki na haɗa jakata na kai wa mai dafa abincin jirgin ya ajiye mini.

Wata rana da yamma bayan mun gama gwaji, muka zauna a katakon matsaya muna cin soyayyen kifi a takarda, ƙafafunmu na lilo a saman ruwa. Na lura Merle juya kifin kawai yake yi.

"Kai, Ezra, in ba ka ci, ba ni."

"Ɗauka." Ya turo mini. "Lowell, ka taɓa karanta littafin nan har ƙarshe?"

"Na karanta wurin da suka saci kwale-kwalen limamin coci. Sauran na gani a wasa."

"Shashasha. To gaya mini, cikin su biyun wa ke son kogi?"

"Wannan ma tambaya ce? Wa ya bi shi?"

"Cobb ya bi shi. Amma wa ya san sunan kowane jirgi tun daga jin kukansa? Ezra. Wa ya koyi ƙullin igiya a bayan kanti da zaren ɗaure kaya? Ezra. Cobb ko gaban jirgi da bayansa bai bambance ba. Shi ba kogi yake so ba, gari ne ya ishe shi. Da jirgin ƙasa ne ya fara zuwa, shi zai hau."

Na yi dariya, don na ji kamar da ni yake. "To me ya hana Ezran naka tafiya? An ɗaure shi ne?"

"Ba wanda ya tambaye shi. Ka duba littafin daga farko har ƙarshe. Ezra ya yi ƙarya a gaban babansa don ya kare Cobb, ya ba shi takalmansa, ya sha duka dominsa. Cobb ya koya masa iyo, ya koya masa dambe, ya rama masa faɗa. Duk an yi wa juna. Amma ko sau ɗaya Cobb bai ce masa zo mu tafi ba."

"Ai Ezra na da baki."

"Yana da shi. Ni ma ina da shi." Ya jefa ƙayar kifi cikin ruwa. "Na yi wa Baba magana. Ka san abin da ya yi? Dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce Ezra ba ya tafiya, in je in kwashe fentin da aka kawo. Na je wurin Kyaftin Dorsey. Ya dafa kafaɗata ya ce, yaro, wuri ɗaya gare ni kuma na mai jar hula ne, ka gaida babanka."

"Yaushe ka je wurin Dorsey?"

"Tun bara."

Na juyo na dube shi. Mutumin da muke tare kullum, ban taɓa sani ba. Ya ciro wata guntuwar igiya daga aljihu, ya yi wani ƙulli da hannu ɗaya ba tare da ya kalla ba, ya warware, ya mayar.

"Manta kawai," in ji shi. "Ka aiko mini da hoto daga kudu."

Ban manta ba. Kwana biyu ina juya maganar. Ni dai na san kaina. Ko ba jirgi zan bar Corliss, da ƙafa ma in ta kama. Akwai titi, akwai jirgin ƙasa, akwai motocin katako. Shi kuwa Merle ƙofa ɗaya ce gare shi, kuma ni ne tsaye a bakinta. Ban gaya masa abin da na yanke ba. Na san shi. In ka ba Merle lokacin tunani, zai tuna da ciwon bayan babansa, ya tuna da fentin da ba a kwashe ba, ya ce a bari sai baɗi.

Ranar biki rana ta buɗe tarwai. Gari gaba ɗaya ya hau kan gangaren gaɓa da barguna da kankana da gasasshiyar masara. Baban Merle na layin gaba a kujerar da ya ɗauko daga kanti. Daga inda suke zaune, hasken da ke tashi daga ruwa yana kashe ido, abin da suke gani a matsaya bai wuce launin kaya ba: farar rigar Ezra, da ƙatuwar kwat ɗin Cobb da jar hularsa.

Wasa ya yi kyau. Na sha tafi a wurin dambe. Can sai muka ji kukan jirgin Dorsey daga kwanar kogi. A tsarin wasan, nan ne abokan biyu ke zagayawa bayan tulin ganguna su yi ban kwana a ɓoye, sannan Cobb ya fito da gudu.

Muna shiga bayan gangunan na tuɓe kwat ɗin. A ƙarƙashinta ina sanye da farar rigar da na aro daga wurin yayana. Merle ya zaro ido.

"Mene ne haka?"

"Miƙo hannu." Na zura masa kwat ɗin, na danna masa hular har kunne.

"Lowell, ka haukace? Baba na zaune a can!"

"Yana nan, kuma gobe ma yana nan. Jirgin ne ba ya nan gobe. Za ka ko ba za ka ba? Ga shi na tambaye ka."

"Aikinka ne fa."

"Ni wata ɗaya zan yi in gaji in sauka a wani gari, ka sani na sani. Jakata na wurin mai dafa abinci, ka sa kayan ciki. Kai, sarkin tsoro, ga jirgin nan ya kawo kai!"

Katakon matsaya ya fara rawa da ƙarar inji. Merle ya leƙa ta tsakanin ganguna ya dubi gangaren gaɓa. Ban taɓa shi ba, ban tura shi ba, wannan kam sai shi da kansa. Ya ja numfashi, ya gyara hular, ya fita a guje.

Ban taɓa ganin Merle ya yi gudu irin wannan ba. Kwat ɗin na kaɗawa a bayansa, mutane suka tashi tsaye da ihu. Ya kai ƙarshen katako ya tashi sama. Ƙafarsa ɗaya ta zame a bakin jirgin, ya faɗi a kan gwiwa, wani ma'aikaci ya cafko kwalarsa ya jawo shi ciki. Hular ba ta faɗi ba.

Na fito na tsaya a inda Ezra ke tsayawa, na ba jama'a baya. Duk cikin hayaniyar nan muryar baban Merle ta fi ta kowa, a zatonsa ni ne na tafi.

"Sauka lafiya, ɗan banza! Gari ya huta!"

A nan ne Ezra ke da doguwar magana mai sa mata share hawaye. Ni ko kalma ɗaya ban haddace ba. Na kewaye bakina da hannu biyu na ƙwala abin da ya zo mini.

"Wandon da ke jakata zai yi maka gajere! Ka ja safa a kansa!"

Wata mata ta ce, "Wannan ai muryar ɗan Tackett ce."

A can kan jirgi Merle ya miƙe ya cire hular. Kyaftin Dorsey ya leƙo ta tagar ɗakin tuƙi, ya dubi Merle, ya dubi hular da ke hannunsa, ya dubi gaɓa. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya mayar da kansa ciki, ya ja kukan jirgi mai tsawo, ya ƙara wuta.

Na juyo na fuskanci gari. Malama Pruitt ta dafe ƙirji da littafinta. Baban Merle yana saukowa gangaren, hularsa a hannu, fuskarsa ta yi ja. Ban gudu ba. Ya zo ya wuce ni har ƙarshen katako, ya tsaya yana kallon jirgin. Merle na ɗaga masa hannu. Bai ɗaga ba da farko. Sai da jirgin ya kusa shan kwana ya ɗaga hular tasa sama kaɗan.

Ya dawo ya tsaya a gabana.

"Kai ka tura shi?"

"A'a, Baba. Hula kawai na ba shi. Tsallen nasa ne."

"Ƙarya kake. Merle ko katangar gida ba ya tsallakewa."

"Ai ka gani da idonka. Har tafi ka yi."

Wasu daga baya suka fara ƙunshe dariya, ya juya ya harare su suka yi shiru.

"Ya gaya mini," in ji shi a hankali, ba da ni yake ba. "Na ɗauka wasa yake." Sai ya dawo da idonsa kaina, muryarsa ta koma yadda na san ta. "To, sarkin dabara. Gobe motar kaya za ta zo, ni kuma bayana ba ya ɗaukar ko buhu ɗaya. Wa zai sauke?"

"Ni."

"Kai? Ka san ƙusar rufi da ta katako?"

"Zan sani kafin azahar. Amma ina gaya maka tun yanzu, Baba, kada ka saba da ni. Ka fara neman wani."

"Allah ya kiyaye in saba da kai." Ya kifa hularsa a ka. "Ƙarfe bakwai. Kuma ka zo da rigar da ba ta aro ba, wannan ta fi ƙarfinka."

Ya kama hanyar gangare, ya yi taku kaɗan ya tsaya ya dafe ƙugu.

"Me kake jira? Ɗauko mini kujerata."

Na je na ɗauko, na bi shi a baya muka hau.