Sarakuna Biyu a Kamazou

…kuma ai ba ƙarya ba ce, in mutum ya duba da idon basira. Gaskiya ce guda ɗaya aka raba wa mutum biyu, kowa ya samu rabonsa. To, shi ke nan, ƙarya ce. Hafsat ta yarda. Amma 'yar ƙarama ce, irin wadda ko Mama in ta ji — a'a, kada a sa Mama a ciki tukuna.

Keke ya tsaya cak a gaban garejin Television. Goslo. Tana takure a gefe, jakar bako a kan cinya, a cikin jakar kuma kambin sarautar Daular Gajimare. Kwalin taliya ne da fentin gwal da duwatsun leshi, ita ta manna su ɗaya bayan ɗaya da hannunta, amma a Yutub wa ya sani? Har daga Kumasi wata ta rubuto tana tambayar wane maƙeri ne ya ƙera. Matar da ke kusa da ita tana ta turo kwandon tumatir… a hankali, baiwar Allah, mulkin ƙasa guda kike dannewa.

Kambi ɗaya. Kai biyu. Yau kuma a Kamazou ake ɗaukar kashi na ƙarshe.

Yaya Auwal shi ne Sarki Hadari. Mubarak, ƙaninta, shi ne Yarima Walƙiya mai neman ƙwace gadon mulki. Ita kuwa Allah ya ajiye ta a tsakiyarsu tun daga haihuwa, kuma labarin duka daga kanta yake fitowa. Ba ta rubutawa. Tsayawa take yi a gaban 'yan wasa ta ce kai ka faɗi kaza, ke ki yi kuka, kai ka mutu. Su yi.

Ina ma abin ya tsaya a wasa.

Barandar gidansu a Barnawa, shekarar da Baba ya rasu — gidan ya yi tsit, ko cokali ya faɗi sai kowa ya firgita. Ita ce ta fara, don dai a ji muryar mutum: wai akwai wata daula a bisa gajimare, inda ake ɗaure ruwan sama a cikin tuluna, sarki kaɗai ke da ikon buɗewa… Mubarak ya yi tsalle ya ɗauki muciya, takobi ke nan. Yaya Auwal ya shiga ɗaki ya fito da babbar rigar Baba, shuɗiyar, tana jan ƙasa. Mama ta kalle shi, ta kalli rigar. Kowa ya riƙe numfashi. Sai ta fashe da dariya har da hawaye, ko kuma hawaye ne har da dariya, wa ya tantance? Har yau rigar nan Sarki Hadari yake sakawa.

Mai keke ya leƙa ya zagi wani mai bas, ya dawo ya ƙara sautin rediyo. Ba a motsa ba. Madalla. Kada ma a motsa. A kwana a nan.

Masu kallo ne suka ɓata komai. Walƙiya ya haɗu, Walƙiya gwarzo, a ba Walƙiya sarauta mu huta da wannan mai tumbin. Mai tumbi! Yaya Auwal ya karanta, ya ajiye waya a hankali kamar ƙwai, washegari ya canza lambar sirrin tasharsu ta Yutub. Mubarak ya ji, ya kulle kwamfutar da yake tace fim a cikin akwatinsa. Ɗaya na da ƙofa, ɗaya na da kayan ɗaki. Ba mai iya sakin ko minti ɗaya sai da ɗan'uwansa, kuma ba sa ko gaisawa. Mutanen da tun suna rarrafe tire ɗaya suke ci, yanzu Mama kwano biyu take zubawa, ɗaya a falo ɗaya a baranda.

"Ke kika haifi daular nan, ni na haifi waɗannan shashashun," in ji Mama, tana tsince shinkafa ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ki gyara taki, tawa za ta gyaru."

Da sauƙin faɗa.

Shi ya sa ta je shagon Yaya Auwal, yana cikin manna gilashi a wayar wani. Yaya, a kashi na ƙarshe Walƙiya zai durƙusa a gabanka, kambi a kanka, ka zo kawai. Har lemo ya saya mata. Da yamma ta sami Mubarak a bakin famfo yana wanke mashin. Kai, kada ka gaya wa kowa, Sarki zai sauka, kai za ka hau. Ya watsa ruwa sama yana rawa, ya ce dama ya san Yaya Hafsa ba ta goyon zalunci.

Su zo dai. Abin da ta ce wa kanta ke nan: su tsaya a wuri ɗaya, sauran Allah zai kawo dabara. To ga shi an zo ranar, dabara ba ta iso ba. Ko ita ma goslo ya riƙe ta?

Dodo ya sauko ya haɗiye kambin? Ba su da dodo, wanda suka ɗinka bara ɓeraye sun cinye masa wutsiya. A raba daular biyu? Mubarak zai ce a ba shi ɓangaren da tulunan ruwa suke. A ce duk mafarki ne… masu kallo za su biyo ta har Barnawa.

Waya. Har yanzu Abubakar bai kira ba. Tun safe take kira, tana shiga, ba a ɗauka.

Abubakar… Ga ta tana murmushi ita kaɗai a cikin keke, mai tumatir na kallonta. Dogon mutumin nan mai kemis a Makera, da ya kawo wa Mama maganin hawan jini ya tarar ana gwaji a tsakar gida, ya tsaya da ledar magani a hannu, ya ce wai shi tun yana yaro ba abin da yake so kamar wasan kwaikwayo. Ƙarya tsagwaronta! Mutumin da in an ce ya yi fushi sai ya yi kamar mai jin fitsari. Kyamara yake kallo. In bai kalli kyamara ba, ita yake kallo. Ta ba shi mai gadin ƙofar fada, ta sa aka kashe shi tun a farko don a huta, yana kwance matacce kafaɗunsa na rawa don dariya. Sati na gaba sai ga shi ya dawo da gemun roba, wai shi wani soja ne daban. Ta sake kashe shi. Ya sake dawowa. Masu kallo suka gane, suka sa masa Na-mutu-na-dawo, yanzu in bai mutu ba sai an yi ƙorafi.

"Ni fa ko sau nawa za ki kashe ni," ya ce mata a ƙofar gida, yana wasa da makullin mota, "in dai ke za ki ce a tashi."

Ji wata magana. Kuma ta yi aiki, abin haushin ke nan.

Har shi rikicin ya ja. Yaya Auwal ya kira shi gefe: ka riƙa sa mini ido a kan yaron nan. Mubarak ma ya kira shi gefe: Malam Habu, duk abin da Sarki ya ƙulla ka sanar da ni. Ɗan leƙen asiri na gida biyu! Shi kuma ya kwaso duka ya kawo mata, ita ta zaɓi abin da za a mayar wa kowa. Shi kaɗai ya san alkawari biyun nan da ta yi. Shi kaɗai a duniya.

Ga Kawu a Tudun Wada ya kafe. Magabatan Abubakar sun shirya zuwa neman aure, Kawu ya ce ba zai shimfiɗa wa baƙi tabarma ba alhali 'ya'yan ɗan'uwansa ba sa zama a kan guda ɗaya. A fara gyara gida. Wato in yau aka watse a Kamazou, ba fim kaɗai ya watse ba… kai, bari. Bari.

An motsa. Wa ya ce a motsa? Keke na gudu yanzu kamar an aiko shi, iska na kaɗa mayafinta, shaguna na wucewa, masu gasa masara, wani coci ana gwajin waƙa, yara 'yan makaranta — ya Allah, ko ɗan faci ne taya ta yi. Ba ta roƙi abu babba ba.

Taya lafiya lau.

Ga kangon nan a bayan gari, wanda mai shi ya kai linta kuɗi suka yanke, shi ne fadar Sarki Hadari. An rataya labulayen Mama. Rhoda mai kwalliya na durƙushe tana zana wa wani soja tabon yaƙi da jan baki, gangunan da ta aro daga cocinsu na jingine da bulo. Sylvanus ya kafa kyamara a ƙarƙashin lema, ya hango ta.

"Madam Darakta, rana ba za ta jira ki ba o."

Ta sani, Sylvanus. Ta sani. Ƙafa, yi tafiya. A ina suke? Ɗaya zai kasance a gabas ɗaya a yamma, kowa da mutanensa, kowa ya kumbura. Za ta fara zuwa wajen Yaya, ta ce — me za ta ce? Za ta…

Benci ɗaya.

Tsaya. Benci ɗaya suke kai. Shuɗiyar riga da baƙar rigar yaƙi, kafaɗa na gogar kafaɗa, ledar dafaffiyar gyaɗa a tsakaninsu. Hannu biyu na shiga leda ɗaya. Mubarak na faɗin wani abu, Yaya Auwal na dariya har tumbin na girgiza. A bayansu kuma wani dogon soja mai gemun roba ya dage yana nazarin sararin sama kamar yau ya fara ganinsa.

Ya faɗa musu. Munafuki. Mai kemis. Ya faɗa.

"Hafsatu, ƙaraso mana," in ji Yaya Auwal, yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigar Baba. "Mun ce bari mu ji daga bakin mai labari. Wane ne zai durƙusa a cikinmu?"

"Ni an ce mini zan hau," in ji Mubarak. "Har aski na yi."

Dariya. Sojoji na dariya, Rhoda ta toshe baki da bayan hannu. Ƙasa, tsage mana… ba za ki tsage ba, ke ma kallo kike yi.

Sai ga dogon nan ya matso, bai yarda sun haɗa ido ba, murya ƙasa-ƙasa daga cikin gemu. "Na ga ba ki da mafita, ni ma ba ni da ita. Na haɗa su na faɗa musu. Suka kalli juna, sai dariya. Jiya sun je wajen Kawu tare." Ya gyara gemun. "Kawu ya ce magabatana su zo Asabar."

Asabar.

To ai… to ai shi ke nan. Abin da ake nema ke nan, ko ba shi ba? Sun shirya. A kanta suka shirya, ita ce abin dariyar da ya haɗa su, amma sun shirya. Mama za ta mayar da kwano ɗaya cikin kabad. Asabar! Wane leshi za ta — tana murna, wallahi tana murna, ƙirjinta kamar an buɗe taga. Za ta kashe shi yau kisan da bai taɓa gani ba, amma tana murna.

Sai dai wannan ɗan abin da ke tsikarinta fa? Can ƙasa, ƙarƙashin murnar, kamar tsakuwa a takalmi.

Jiya suka je wajen Kawu. Tare. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Watannin nan duka ƙofarta ba ta huta ba. Hafsatu, gaya wa ƙaninki kaza. Yaya Hafsa, me ya ce a kaina? Wannan ya kawo tsire, wancan ya sa mata data. Ita ke sauraro, ita ke aunawa, ita ke yanke wa kowa abin da zai ji. 'Yar tsakiya, wadda da can in an aika a kira yara sai an manta da ita a lissafi… Kuma sau nawa Sylvanus ya ce, Madam, a sasanta Hadari da Walƙiya mana, labarin ya yi tsawo? Me take cewa? Tukuna. Masu kallo na son yaƙi. Sai ta ƙara wata guba a kofin Sarki, ta ƙara wata maƙarƙashiya a zauren Yarima, su kuma su koma gida da fushin a fuska, ba su wanke shi tare da kwalliyar ba.

Masu kallo ne ke son yaƙin? Su kaɗai?

A'a. Kai, a'a. Ita da ta fi kowa wahala… ita da ta… hmm.

"To, Madam," in ji Sylvanus, ido a kan kyamara, hannu a sama. "Sarki da Yarima sun shirya. Sai me ya faru?"

Duk sun juyo. Yayanta, ƙaninta, sojoji da takubban katako, Rhoda da jan baki a hannu. Fuskoki a sake, ba mai fushi da ita ko ɗaya, labari kawai suke jira kamar yadda suka saba. Ta buɗe baki. Kullum in ta buɗe yana zuwa da kansa: wani ya ci amana, wani ya zare takobi, wata ta laɓe a bayan labule.

Babu komai.

Sun shirya, sai… sai aka yi me? Me mutane suke yi a daula in an daina faɗa? Su zauna? Su ci abinci? Wa zai kalli wannan? Ita fa ba ta taɓa ba da irin wannan labarin ba, ba ta ma san ta inda ake kama shi ba.

Ta ajiye jakar kambin. Ta sami wani bulo ta zauna, da ƙurar siminti da komai. Wani dogon hannu ya miƙo mata gyaɗa, an riga an ɓare. Ba ta yafe masa ba. Ta karɓa dai.

Suna jira. Hannun Sylvanus na nan a sama.

Bari ta tauna tukuna… bari dai ta gama taunawa.